Abin da Baba Zai Bari a Faranti

A baranda muka ƙulla maganar, ni da Baba, ranar Talata bayan la'asar. Ina tsaye ina janyo kwandon da muke zura wa mai kayan miya da igiya, shi kuma yana zaune cikin jallabiyarsa ta zaman gida, kofin shayi a kan gwiwa. Ya ce in ajiye tumatirin in zauna.

Ya ce ya gaji da ganin fuskata a kumbure a gidansa, ya kuma gaji da yadda Mama ke ba shi amsa da ƙarar murfin tukunya. Saboda haka ga abin da za a yi. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci zai tafi unguwar Bahari da ke bakin teku, gidan cin kifin da saurayina Wa'il yake aiki, ya zauna a teburinsa kamar kowane baƙo. Wa'il bai taɓa ganinsa ba, to bari ya ga yadda yaron yake idan bai san ana kallonsa ba. Zai ci, zai biya, sannan a kawo masa canji a ɗan farantin nan da suke kawowa.

"Abin da na bari a farantin shi ne amsata, Rihab," in ji shi. "In na bar abin kirki, ya zo da mutanensa a karanta Fatihar baiko. In na tashi na bar faranti wayam, sunansa ya fita daga gidan nan, kuma ki zauna a falo da Dakta Midhat idan ya zo hutu, ki yi masa fuskar mutane."

Dakta Midhat ɗan aminiyar Mama ne, mai shagon magani a Kuwait. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, yana jingine da wata farar mota da ban tabbatar tasa ba ce.

Na ce na yarda, amma da sharaɗi: ƙanwarsa Goggo Nawal za ta bi shi a matsayin shaida, domin Baba mutum ne da zai je ya ga gobara ya dawo ya ce an ɗan yi zafi. Ya ce ya amince, nasa sharaɗin kuma ɗaya ne, kada Wa'il ya ji ko ƙamshin maganar. Ya miƙo mini hannu kamar yadda maza suke yi in sun gama cinikin rago, na kama. Tafinsa a bushe, nawa sharkaf da gumi.

'Yan uwa masu karatu, sai kun san Baba kafin ku gane irin ramin da na sa ƙafa a ciki. Ya tsufa yana duba tikiti a jirgin ƙasa na Alƙahira, kuma har ya ajiye aiki babu fasinjan da ya taɓa cusa masa ko ƙwandala a aljihu ya karɓa. A garin nan da mai nuna maka wurin ajiye mota, da mai goge maka gilashi, da mai miƙa maka tawul a banɗakin otal kowa yana jiran nasa, Baba shi kaɗai ne yake auna tukuici da ma'auni. In aiki ya yi kyau, yana bayarwa har ka ji kunya. In bai yi ba, ko kallonsa za ka yi har ido ya yi ruwa, zai ce maka sai anjima ya wuce. A wurinsa ba wa malalaci tukuici zaluntar mai ƙwazo ne, kuma da irin wannan tausayin aka lalata ƙasar.

Mama kuwa ta ce wannan maganar wanda ya saba karɓar albashin gwamnati ce. Yaran nan abin da ake biyansu a wata ba ya sayen gurasar mako biyu, kuɗin hidimar da ake rubutawa a ƙasan takardar abinci kuma aljihun mai gida yake shiga. Ka ba su ka rufe ido, Allah ne mai aunawa ba kai ba. Tun kafin a haife ni suke wannan gardamar, har yau babu wanda ya matsa ko taku.

Ba talaucin Wa'il ne ya dami Baba ba, mu ma ba wasu masu hali ba ne. Kujerun falonmu har yanzu da ledar kanti a jikinsu don kada su tsufa. Abin da ya faɗa wa Mama, ni kuma na ji ta bayan ƙofa, shi ne mutumin da yake wuni yana murmushi don a ba shi kuɗi, ta yaya 'yarsa za ta gane wane murmushin ne nata.

Ni dai na san nawa. A shagon tabarau da nake aiki muka haɗu, ya kawo na mahaifiyarsa a ɗaure masa ƙafa, daga nan tabaraun tsohuwar ya kama lalacewa duk mako. Takardar digirinsa ta kasuwanci tana rataye a falonsu cikin gilashi, shi kuma yana can bakin teku da farar riga da baƙar 'yar shara, yana jera faranti daga yatsu har kafaɗa. Na taɓa zuwa da ƙawayena na gan shi yana aiki. Yana tuna wanda ba ya cin barkono, yana ganin kofin da ya kusa ƙarewa daga ƙarshen zaure. Da na bar abin a hannun Allah da hannunsa, da yau wani labarin nake ba ku.

Laraba na daure. Alhamis da rana ina shago babu ciniki, saƙonsa ya shigo.

"Kin yi shiru tun shekaranjiya. Na yi laifi ne, ko tabarau sun fi ni?"

Na rubuta masa babu komai, na tambaye shi yaya haƙorin da yake damunsa.

"Yana nan yana mulki. Gobe kuma Juma'a, kuma an ƙara mini teburan wani da ya tafi ƙauye. Ki yi mini addu'a kada in zuba wa wani miya a ka."

Na daɗe ina kallon maganar nan. Haƙori yana ciwo, tebura sun ninka, ranar Juma'a da mutane suke tsayawa har titi. Ruwa ya yi jinkirin isowa, ko a kawo wa Baba soyayye alhali gasasshe ya ce, shi ke nan an gama da ni, sai falo da Dakta da farar motarsa. Na ce a raina ai ba cuta ba ce, ba ƙarya zan sa ya yi ba, ido kawai zan buɗe masa. Wallahi haka na faɗa wa kaina, kuma a lokacin har na yarda.

Na nemo hoton Baba na bikin 'yar kawuna na tura masa.

"Ka haddace fuskar nan. Gobe bayan Juma'a, da shi da ƙanwarsa. Ka goge hoton. Kada ka faɗa wa kowa."

Alamar yana rubutu ta fito ta ɓace, ta fito ta ɓace. Can sai ga kalma biyu: "Na mutu."

A gaskiya mutum ɗaya ya faɗa wa, kuma da dalilinsa. Wani dattijo da suke kira Kawu Ragab ne babban ma'aikatan zaure, shi yake tsayawa a ƙofa yana raba baƙi, in bai sani ba sai ya kai Baba teburin wani. Kawu Ragab shi ma mutum ɗaya ya faɗa wa, mai gashin kifi, don a ware kifi mai kyau. Mai gashi kuma da sassafe suka tafi kasuwar kifi da mai gidan, Mu'allim Shahata, ya ga bai dace a ɓoye wa mai gida ba. Kafin ladan ya kira sallah har matar da ke wanke-wanke a baya ta san surukin Wa'il zai zo cin abinci. Mutanen Bahari ke nan. In suna sonka, ba sa iya yi maka shiru.

Ranar Juma'a Baba ya ciro kwat ɗinsa mai ruwan toka, wadda ya ɗinka don walimar ajiye aiki, ya shafa turaren lemo, ya goge takalmi da kansa. Goggo Nawal ta iso da baƙar abayarta mai duwatsu a hannu da wata jaka kamar ta mai shirin hijira. Na san abin da ke ciki, ledoji ne a ninke. Goggo ba ta taɓa barin ragowar abinci a tebur ba tun rasuwar mijinta, ta ce almubazzaranci ne. A bakin ƙofa ta matse mini hannu ta ce in riƙe waya kusa.

Muka zauna a kicin ni da Mama muna naɗe ganyen kabeji da shinkafa, wayar tana gefen tire. Saƙon farko ya shigo.

"Mun iso. Cike yake maƙil, mutane a tsaye har bakin titi."

Bai daɗe ba na biyu ya biyo.

"Ikon Allah, an ba mu tebur nan take, bakin taga. Ubanki yana kallona."

Na kife wayar ina goge ido. Mama ta ce lafiya, na ce albasa ce.

"Yaron naki dogo ne ko mai tumbi? Mutane sun yi mana rumfa, ban san wanne ba ne."

"An kawo jatan lande ba mu ce a kawo ba. Manya, kamar yatsun ubanki."

"An kawo ƙaguwa."

"Rihab, me kika yi?"

Daga nan wayar ta yi shiru. Na naɗe kabeji har yatsuna suka yi tsami, duk wanda na naɗe sai Mama ta warware ta sake.

Sauran labarin daga bakin Goggo na ji shi da suka dawo, ta ba da shi tana tsaye a kicin da takalmi a ƙafa. Ta ce tun daga ƙofa Kawu Ragab ya ture masu jira ya kama hannun Baba da hannu biyu yana kiransa Basha, kamar wani basarake. Wani ya ja kujera, wani ya kawo gurasa mai tururi, wani ya zo yana goge teburin da babu komai a kai. Mai gashi da kansa ya fito da hularsa ya nuna wa Baba kifin ɗanye, ya buɗe masa kunnen kifin ya ga ja, alamar sabo ne. Kowa so yake ya taimaki Wa'il, har suka rufe shi. Ta ce sai daga baya ta gane shi, wani dogo a bayan mutane rungume da tulun ruwa, kumatu ɗaya a kumbure, fuska kamar wanda aka kawo kotu.

Sai Mu'allim Shahata ya fito. Jallabiya mai faɗin hannu, zobba a yatsu, carbi mai manyan ƙwayoyi. Ya ja kujera ya zauna ba a ce masa bismillah ba, ya dafa kafaɗar Baba ya ce yau gidan ya yi haske da surukinsu. Ya ce Wa'il ɗansa ne, shi ya rene shi a sana'a, yaro ne da za ka ba shi makullin gidanka ka yi barci. Goggo ta ce Baba bai ɗaga ido daga faranti ba, kifin kawai yake ɓarewa a hankali, yana jera ƙayoyi a gefe kamar mai shirya hujja.

Da aka tuna da Wa'il aka turo shi gaba ya zuba wa surukinsa ruwa, idonsa na kan fuskar Baba ba kan kofin ba. Kofin ya cika ya tumbatsa, ruwan ya gangaro ya sauka a cinyar Baba. Nan take tawul ya fito daga kowace kusurwa.

Abin da ya fi tsaya wa Goggo a rai kuwa teburin gefensu ne. Wani magidanci ne da matarsa da 'ya'yansu, da ganinsu an daɗe ana tara kuɗin fitar nan, yaran duk da kayan sallah. Teburin na Wa'il ne, amma duk sanda ya juya zai nufe su sai a janyo shi a ce ina za shi ya bar surukinsa. Kifinsu ya zo a sanyaye, ruwan lemon da ƙaramar ta yi ta tambaya bai zo ba sam. Mutumin ya biya abin da aka rubuta daidai, ya tattara iyalinsa, ya tsaya a tsakiyar zaure ya ce ashe a gidan nan sai mai kwat ake ciyarwa. Baba ya bi su da kallo har suka fita.

Sannan ya ce a kawo takarda zai biya. Mu'allim Shahata ya yi dariya ya ce wace takarda. Baba ya ciro walat. Mu'allim ya danne masa hannu. Baba ya ce bai taɓa cin abin da bai biya ba, Mu'allim ya ce to yau zai fara. Suka miƙe tsaye, wannan yana tura kuɗi wancan yana mayarwa, zauren duk ya juyo yana kallo. Da Mu'allim ya ga idanu sun taru a kansa, sai ya ɗaga murya yadda na titi zai ji.

"Matata ta saku in ƙwandala ɗaya ta fita daga aljihunka a gidan nan yau."

Goggo ta ce har cokula suka daina ƙara. Baiwar Allah tana can gida tana shanya, ba ta san an ɗora aurenta a kan tiren ƙaguwa ba. Baba ya dubi kuɗin hannunsa, ya dubi mutumin, ya ninke su ya mayar aljihu. Ba a kawo takarda ba, ba a kawo canji ba, ɗan farantin nan ko fitowa bai yi ba.

A bakin ƙofa Baba ya yafito Wa'il, suka tsallaka titi zuwa katangar bakin teku. Goggo ta bi su da ledojinta, ta tsaya kusa kamar mai kallon jiragen ruwa. Ta ce Baba bai yi masa faɗa ba. Tambayarsa ya yi, da a ce shi baƙo ne da ba a sani ba, aka jiƙa masa wando haka, ya cancanci a bar masa wani abu?

"Ni dai ban cancanta ba, Baba," in ji Wa'il. "Amma ba aljihuna yake shiga ba. Akwati ɗaya ake zuba tukuicin kowa, da dare a raba. Mai fere kifi yana ciki, mai wanke-wanke tana ciki, ba su taɓa ganin fuskar baƙo ba. In na ɓata maka rai ka hana, su ka hana."

"To malalacin cikinku fa? Ya ci daidai da mai gudu?"

"Yana ci. Ni ma abin yana ƙona ni, mun sha yin rigima a kai."

"To in na ga aiki ya yi kyau, ta yaya zan nuna? In ya yi muni, ta yaya zan nuna? Ka ɗaure mini hannu ke nan."

Wa'il ya ce in ya yi muni a faɗa masa a fuskarsa, ko a kira mai gida, zai ɗauka. In ya yi kyau a dawo a nemi teburinsa, wannan ya fi masa kuɗin daɗi. Baba ya ce wannan maganar mai daɗin ji ce, amma da ita ake rainon lalaci. Sannan ya dubi kumatunsa ya ce ya je a cire haƙorin nan kafin ya kashe shi, ya juya ya tare tasi.

Da suka shigo gida Baba ya rataye kwat ɗin a bayan ƙofa, ya tsaya a gabana da jiƙaƙƙen wandonsa.

"Suna kika ba shi ko hoto?"

"Hoto, Baba."

"Wanne?"

"Na bikin gidan Kawu."

"Wanda na fito baki buɗe."

Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Mama ta dube ni ta ce ta haifi 'ya mai wayon kaza, sannan ta buɗe ledar Goggo ta ga jatan lande ta manta da faɗan.

Asabar da hantsi saƙon Wa'il ya same ni ina guga.

"Mu'allim ya cire kuɗin abincin jiya daga akwati. Ya ce ai surukinmu ne gaba ɗaya."

Na karanta na sake karantawa. Ya ce Juma'a ita ce ranar da kowa yake dogaro da ita, ga teburan da suka tashi da fushi ba su bar komai ba, ga kuma wannan. Da aka zo rabo, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Abokan aikinsa suna yi masa tsiya wai sun biya rabin sadaki, a sa sunayensu a katin biki. Amma Ummu Sayyid mai wanke-wanke ba ta yi dariya ba, ta karɓi nata ta ƙulle a gefen mayafi ta tafi, ita da take sayen maganin mijinta da kuɗin Juma'a.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na kashe dutsen guga, na je na ƙwanƙwasa ƙofar Baba, na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuska yana karantawa, leɓensa yana motsi. Ya ce, "Ya yi rantsuwa da matarsa, ya yi kyauta da aljihun wasu." Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki kwat ɗin da ko gama bushewa wandonta bai yi ba.

Ta ƙofar baya ya shiga, in ji Wa'il, ta inda ake sauke ƙanƙara. Ya tarar da su suna cin wake da gurasa kafin a buɗe. Ya ce rantsuwar ta jiya ce, yau Asabar, a faɗa masa kuɗin abin da ya ci har da wanda ƙanwarsa ta kwashe a leda. Kawu Ragab ya fara rantse-rantse, Baba ya ce in wani ya ƙara ambaton matarsa zai kira 'yan sanda. Aka faɗa masa, ya zuba a akwatin da hannunsa, bai ƙara ko ƙwandala ba.

Kawu Ragab, da yake tsohon ɗan duniya ne, ya ce to Basha, tukuicin fa. Baba ya ce na me, na wankan da aka yi masa? Amma ya ce gaskiya ɗaya ce, kifin ya gasu, bai taɓa cin irinsa ba. Ya ciro wata takardar kuɗi ya miƙa wa mai gashi, ya ce wannan nasa ne shi kaɗai. Mai gashi ya goge hannu a gaban rigarsa ya ce ya gode, amma a gidan nan ko a aljihu aka sa masa sai ya kai akwati, in ba haka ba gobe wa zai fere masa kifin da zai gasa.

Wa'il ya ce Baba ya daɗe a tsaye da kuɗin a hannu. In ya saka, wanda ya jiƙa shi zai ci a ciki. In ya mayar, wanda ya gasa kifin ya tashi a banza. Ummu Sayyid tana bakin famfo tana kallonsa, hannu cikin kumfa. Daga ƙarshe ya tura takardar ta bakin akwatin yana gunaguni, ya ce tsarin banza ne, wanda ya ƙirƙiro shi bai san adalci ba. Ya fita bai kalli Wa'il ba.

Goggo na jin labari ta hau tasi ta zo. Ta ce ai magana ta ƙare, ya bar kuɗi, ita ce shaida, a sa ranar Fatiha. Baba ya ce faranti aka ce ba akwati ba, kuma yarjejeniyar ta mutu tun lokacin da hotonsa ya bar wayata. Mama ta leƙo daga kicin ta ce dai an ba da tukuici a kan aikin banza, ita ta ga wannan ranar da idonta. Ya ce mai gashi ya ba wa. Ta ce to.

Da yamma ya kira ni baranda ya yanke hukunci. Ya ce shi ba ya cin gurasa da gishirin mutane ya kwana bai rama ba, ko da ya biya. Saboda haka Juma'a mai zuwa Wa'il ya zo cin abincin rana da mahaifiyarsa, da Kawu Ragab, da mai gashi in an bar shi. Abinci ne, ba Fatiha ba, kada in kuskura in sa jan baki. Zai zauna da yaron ya ji ko bayan akwati akwai wani abu a kansa. Amma tunda ni na karya alkawari, sai na biya: Dakta Midhat ya sauka, ranar Alhamis za su zo shan shayi da uwarsa, zan zauna a falo in yi masa fuskar mutane.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe. Amma kin nuna mini ba ki yarda da aikinsa ba, ni kuwa da na tafi, na tafi ne da shirin in yarda."

Wannan maganar ita ta hana ni cin abinci, domin ban taɓa kallon abin ta nan ba.

To in kuna son lissafi, ga shi. Mu'allim Shahata ya fi kowa riba: ya yi suna a Bahari da kyautar da ba daga aljihunsa ta fito ba, matarsa kuma tana ɗakinta. Goggo ta ci ƙaguwa har Litinin. Ummu Sayyid ta samu kuɗin maganinta, sai dai da jinkirin kwana. Mama ta ci gardamar da ta fi ni shekaru, ko da yake Baba bai sa hannu ba. Wa'il ya samu kujera a teburinmu, ya rasa haƙori. Wanda ya yi asara tsantsa shi ne magidancin nan mai yara da kayan sallah, da ya biya kuɗin kifi mai sanyi don ni na tura hoto, kuma har abada ba zai san dalili ba. Ni kuwa ban san layin da zan tsaya ba tukuna. Mama ta riga ta fara cire ledar kujerun falo, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka kawo gaisuwar rasuwar kakata, kuma da na tambaye ta don baƙin Alhamis ne ko na Juma'a, sai ta ce in miƙo mata almakashi.